Tabon da Ke Yatsun Inna Kwalba

In ka ga hannun Inna Kwalba ba ka san ta ba, sai ka rantse a wurin rini take aiki. Babban yatsa da manuni da na tsakiya na hannun dama duk sun rine sun yi ruwan ƙasa, har ƙarƙashin farce. Ba ƙazanta ba ce, kada ma ka soma. Matar da ke wanke kwalba sau uku, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ga ɗigo ɗaya ya maƙale ta sake mayar da ita ruwa, ita za a kira ƙazama? Tabon aiki ne. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata makarantar sakandare. Ita ke auna gari, ita ke haɗa ruwan magunguna, ita ke jera kwalabe kafin ɗalibai su shigo, ita kuma ke kwashe ɓarnarsu in sun fita. Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba mata. Tun tana zare musu ido har ta gaji, yanzu shugaban makaranta kansa da shi yake kiranta.

Ɗakin dogo ne, tebura shida masu baƙin sama, kowanne da famfonsa. A can ƙarshe akwai wata 'yar ƙurya mai taga ɗaya, nan ne fadar Inna: kanta hawa uku cike da kwalabe, ma'auni a cikin akwatin gilashi, da kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda ta tokare da tsohon littafi. Dokarta guda ce, kuma ba a roƙonta a kai. Abin da ya bar kanta sai ya dawo kanta. In ta ba aji bututun gwaji arba'in, arba'in za ta karɓa. In talatin da tara ta gani, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Ba mai fita. Bututu ba shi da ƙafa. In ba ya kan tebur, yana hannun wani."

Kuma sai an same shi, ko a aljihun wani, ko a kwandon shara ya zama gutsattsari.

Abin da ya rina mata yatsu wani gari ne da ake kira famanganet. Ƙwayoyi ne baƙi-baƙi, amma ka jefa biyu a ruwa, sai ruwan ya koma shunayya mai kyau kamar ka ɗaga ka sha. Ita ma da sunan launin take kiransa, shunayya. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe sai sun yi gwajinsa. A zuba ruwan gishirin ƙarfe a kwalba, a ƙara asid, sannan a riƙa ɗigo shunayyar daga wani dogon bututu mai ɗan famfo. Kowane ɗigo ya faɗa sai launinsa ya ɓace, har a kai ɗigon da zai bar ruwan ya yi hoda-hoda, nan ake tsayawa. To, a kowane aji sai an sami gwanin da zai manta asid. Nasa ruwan ba ya washewa. Damewa yake yi ya koma ruwan ƙasa kamar na kwata, ya bar tabo a jikin gilashi wanda sabulu ba ya ko motsa shi. Inna daga ƙuryarta take hango shi.

"Tebur na huɗu! Wa ya manta asid? Kai mai dogon wuya, kai ne ko? Allah ya shirye ka, ka ba ni aiki."

Tsohon malamin da ya ɗauke ta aiki, Allah ya jiƙansa, ya taɓa nuna mata wata kwalba a kanta na sama, mai baƙin gari, an rubuta MnO₂ a jikinta. Ya ce, "Kin ga wannan? Shi ne a yatsunki, shi ne kuma a kwalbar mai mantuwa. In shunayya ba ta sami asid ba, nan take tsayawa, ba ta ƙarasa tafiya." Ta ce to, ta ci gaba da wankinta. Shekararta ashirin da biyar a lokacin, ga jaririya ta baro a gida, abin da ya dame ta yadda za a fitar da tabon ne, ba sunansa ba.

Wanda ya gano yadda za a rage shi kuwa mijinta ne. Direban motar haya ne da ciwon baya ya sa ya ajiye tuƙi, yanzu yana zaune ƙofar gida yana gyara wa maƙwabta rediyo, yawanci ƙara lalata su yake yi, amma mutane na kawowa don hirarsa. Shi ya lura lemun tsami na sa tabon ya dushe. Tun daga ranar, kullum la'asar in ta dawo za ta tarar ya raba lemun tsami biyu ya ajiye a faranti.

"Farfesa, ga sabulunki."

"Baban Auta, ka fita idona da wannan sunan."

Dariya take yi in ta faɗa, amma sunan na taɓa wani wuri. Da tana budurwa burinta ta zama mai haɗa magunguna a asibiti. Sau biyu ta zauna jarrabawar kimiyya, sau biyu ta kayar da ita, kuma duka biyun a wuri ɗaya ta yi tuntuɓe, wurin daidaita lissafin nan da ake rabawa gida biyu. Kunyar yatsun take ji ƙwarai. A taron mata ta kan naɗe hannun a gefen mayafi, don a ganinta tabon yana faɗa wa kowa cewa ita ce wadda ta tsaya a wanke kwalba.

Wata Litinin shugaban makaranta ya aika a kira ta. Tana shiga ya ce, "Inna, zauna." Da jin haka ta san ba lafiya ba, don mutumin nan a tsaye yake sallamar kowa. Ya turo mata takarda. Hukumar da ke kula da makarantu ta ce daga bana duk mai riƙe da ɗakin gwaje-gwaje sai ya mallaki takardar shaida. Waɗanda suka daɗe a aikin an ba su dama guda, su zauna jarrabawa nan da wata uku. Wanda ya ci ya zauna a wurinsa. Wanda ya faɗi a mai da shi wani sashe, a kawo mai takarda.

"Wane sashe, ranka ya daɗe?"

Ya sosa ƙeya. "Sito. Wurin kujeru da tsintsiya. Wallahi ba a son raina ba, Inna."

Ka ji fa! Matar da ko kwalba ka buɗe a bayanta za ta gaya maka abin da ke ciki da hanci, wai sai takarda ta shaide ta. Ta fito tana jin makullin yana buga mata a ƙugu, inda take ɗaure shi da igiya, ranar ya yi mata nauyi kamar ba shi ba. Ba korar ta za a yi ba, ta sani. Amma ta wuce ta gaban ɗakin nan kullum, ta ga wani yana jera mata kwalabe a karkace, ita tana can tana ƙirga tsintsiya? Gara a ce mata ta zauna a gida.

Da ta samo tsofaffin takardun jarrabawar ta duba, sai ta ga abin da take gudu. Tambaya biyar ake yi. Huɗu ba su ba ta tsoro sosai ba, maganar tsaro ce da awo da adana magunguna, ko da yake rubutu na yi mata nawa. Ɗaya kuwa, wadda ta fi kowacce maki, tsohuwar abokiyar gabarta ce, tana nan zaune shekara talatin da wani abu ba ta tsufa ba.

Malamar kimiyya ce ta tarar da ita a ƙurya ta zuba wa takarda ido. Ita wannan Malama a ɗakin nan ta yi karatu, kuma in za a faɗi gaskiya, a shekararta ita ce gwanar da ta manta asid. A gaban ɗalibai Inna na ce mata Malama, in su biyu ne sai ta koma 'yar nan.

"Inna, ba ni wata uku. Sa'a ɗaya bayan an tashi, sau uku a mako."

"'Yar nan, ga ɗanki ƙarami, ga aji shida."

"Ke kika wanke min kwalbar da na ɓata, ba ki kai ni gaba ba. Kawo alli."

Haka aka fara. Makaranta ta watse, masu shara na ta kaɗa ƙura a baranda, Inna na zaune a tebur na ɗaya inda ba ta taɓa zama ba, Malama na gaban allo.

"Abin ba tsafi ba ne, Inna. Abu biyu ne suka haɗu, ɗaya ya ba da ilektiron, wata 'yar ƙwayar lantarki da ido ba ya gani, ɗaya ya karɓa. Sai ki raba su, kowa da layinsa, shi ake kira rabi. A kowane rabi ki fara daidaita babban, kamar manganis da ke cikin shunayya, ko ƙarfe. Gefen da oksijin ya gaza ki ƙara masa ruwa. Ruwan nan ya zo da haidurojin, sai ki cike wa ɗaya gefen da H⁺, wanda asid ke bayarwa. Daga nan sai caji, wato ƙari da ragin da ke kan kowanne. Ki ƙirga na hagu, ki ƙirga na dama, ki zuba ilektiron a gefen da ya ɗara har su zo daidai."

Har zuwa haidurojin Inna ba ta da matsala, tsaf take jera su kamar kwalabe a kanta. Ana zuwa caji sai mota ta mutu. Yau ta zuba ilektiron a gefen da bai kamata ba, gobe ta manta da shi gaba ɗaya, ta ja layi biyu a ƙasa tana murna ta gama.

"Inna, ina ilektiron?"

"Ni fa abin da ban gani ba, ba na iya ƙirga shi. Ruwa ga shi a famfo. Ƙarfe ga shi a ƙofa. Wannan ilektiron ɗin wa ya taɓa ganinsa? Ke kin taɓa?"

"Ban taɓa ba."

"To!"

Mako biyar aka yi a haka. Malama na da haƙuri, amma Inna ta fara ganin tana satar kallon agogo, abin ya yi mata ciwo fiye da a ce tsawa aka yi mata. Wata la'asar ta dawo gida ta zauna a kan tabarma, ta ɗauki lemun tsami, sai hawaye. Baban Auta ya rikice, don bai saba gani ba. Ya ajiye rediyon da yake yi wa ta'adi, ya jawo littafin ya juya shi sama da ƙasa.

"Wannan ƙaramin e ɗin ne ya sa ki kuka? Ni da na yi shekara talatin ina fama da fasinja masu taurin kai? Ki bar ni da shi."

"Kai da ko sunansa ba ka iya faɗa ba."

"Ai ba sai na san sunan fasinja nake sauke shi ba."

Ta yi dariya da hawayen a fuska. Bai taimaka mata da komai ba, amma ta ci abinci.

A mako na shida ne abin ya buɗe, kuma ba a gaban allo ba. 'Yan aji biyar sun gama gwaji, Inna ta ƙirga bututu ta ga talatin da tara. Ta tare ƙofa ta saki maganarta ta kullum: in ba ya kan tebur, yana hannun wani. Aka samo shi a jakar wata yarinya, aji ya watse. Malama na goge allo sai ta tsaya cak.

"Inna, sake faɗar abin da kika ce."

"Me? In ba ya kan tebur yana hannun wani?"

"To ilektiron ke nan. Ba ya ɓacewa. In ya bar ƙarfe, yana hannun shunayya. Ba mai fita sai lissafi ya cika."

Inna ta juya. Sai ta shige ƙurya ta fito da gwangwanin marafan roba, irin baƙaƙen nan da ake toshe bakin kwalba da su. Ta jera kofin gilashi ɗaya ta sa masa murfi ɗaya, ta ce wannan ƙarfe ne da abin da zai bayar. Ta ajiye kwalba a gefe, ta ce wannan shunayya ce.

"Nawa take nema?"

Malama ta ce, "Ƙirga da kanki. Hagu akwai H⁺ takwas, ita kuma tana da ragi ɗaya."

"Bakwai."

"Dama fa?"

"Biyu. Saura biyar." Ta dubi kofi ɗayan nan da murfinsa ɗaya tilo. Ta koma ta ɗauko kofi huɗu ta ƙara, kowanne da murfinsa, ta bi su ɗai-ɗai tana kwashewa tana zubawa gaban kwalbar. Biyar cif, ba saura, ba gibi. Sai ta dafe tebur.

"La ilaha illallahu! 'Yar nan, shekara ashirin da bakwai ina haɗa ruwan shunayya ya fi na ƙarfe rauni sau biyar. Haka tsoho ya rubuta min a kati, haka nake yi. Ashe dalilin ke nan? Kuma ba wanda ya taɓa gaya min?"

Murna ta yi, amma har da haushi a ciki, kuma ni ban ga laifinta ba. Abin yana hannunta tun kafin a haifi rabin malaman makarantar, ba wanda ya ga ya dace ya ɓata minti biyar ya haɗa mata shi da abin da ke kan allo.

Daga ranar gwangwanin nan ya zama abokin tafiyarta. A gida ma kan tabarma take baza marafai, jikarta in ta zo ta sace biyu a yi ta nema. Rabin shunayya kuwa ta haddace shi kamar waƙa: takwas, biyar, huɗu. H⁺ takwas, ilektiron biyar, ruwa huɗu. Har Baban Auta ya ɗauka, yana kwance rediyo yana rerawa, maƙwabta suka zaci lambar waya ce.

Saura mako biyu ɗan Malama ya kwanta zazzaɓi, darasi ya tsaya. Sau ɗaya kawai suka samu suka taɓa ɗaya nau'in, wanda ake yi ba a cikin asid ba, a ruwa mai soda irin ta haɗa sabulu. A tsaye ma Malama ta yi bayanin, jaka a kafaɗa, da wani misali dabam wanda ba shunayya a ciki.

"Ki yi komai yadda kika saba. A ƙarshe ki duba H⁺ nawa gare ki, ki zuba OH⁻, wanda soda ke bayarwa, daidai yawansa a gefe biyu. Inda suka haɗu sun zama ruwa. Ruwan da ya bayyana hagu da dama ki soke. Shi ke nan, ba wuya."

Ranar jarrabawa da safe Baban Auta ya raka ta har bakin titi yana dafe da baya, ya tsayar mata da mota, ya kuma gargaɗi direban a kan birki kamar ɗansa ne. A wata makaranta aka yi, cikin babban zaure mai fanka biyu, ɗaya na aiki. Yawancin masu zaman ba su wuce sa'ar 'yarta ta fari ba. A bakin ƙofa mai sa ido, wata matashiya mai ladabi, ta leƙa jakarta ta ga gwangwani.

"Mama, wannan fa?"

"Marafai ne, 'yata. Ba rubutu a jikinsu."

"Ki yi haƙuri, Mama. Biro kawai."

Ta bar su a kan taga kamar ta bar yaro a asibiti.

Ta yi ta ɗaya da ta biyu da ta uku a hankali, da rubutunta manya-manya. Ta juya shafi, ga ta huɗu. Famanganet da salfayit, wani farin gari da ta saba aunawa, a ruwa mai soda. A rubuta rabi biyu, a daidaita, a haɗa. Ba a faɗi abin da kowanne zai koma ba, an bar wa mai amsa ya sani. Inna na ganin famanganet zuciyarta ta yi fari tas. Tsohuwar ƙawa! Ko tsayawa ba ta yi ba, ta zuba takwas, biyar, huɗu. Ta yi rabin salfayit, ya ba da ilektiron biyu. Ta ninka, ta zuba OH⁻ yadda aka koya mata, ta soke ruwa. Shafi guda cur, tsaf da shi. Saura minti ashirin da biyar, ga tambaya ta biyar na jira.

Sai dai Inna ba ta iya barin ɗaki ba ta sake ƙirga ba, jininta ne. Ba marafai, don haka ta baza yatsu a kan tebur za ta ƙirga da su. Ɗaya, biyu, uku. Idonta ya sauka a kan ukun nan masu ruwan ƙasa, waɗanda lemun jiya bai gama fitarwa ba.

Fatar hannu ai ba asid aka zuba mata ba. Shi ya sa shunayya in ta taɓa ta ba ta washewa, sai ta bar wannan. Ta sake karanta tambayar, a ruwa mai soda. Babu asid! Nan take ta ga tebur na huɗu, ta ga kwalbar da ta dame, ta ji muryarta tana tambayar wa ya manta. Ta ga baƙin garin nan a kanta na sama wanda take goge wa ƙura duk Juma'a, da rubutun da ke jikin kwalbarsa. Nan take tsayawa, in ji tsoho, ba ta ƙarasa tafiya. Ashe amsar da ta rubuta ta kwalbar da ta washe ce, su kuwa kwalbar mai mantuwa suke tambaya.

Shafi guda, mai kyau, kuma waƙar da ta fi amincewa da ita a duniya. In ta soke ta kuma ashe ita ce daidai fa? Ga lokaci na tafiya. Ta ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta buɗe sabon shafi.

MnO₄⁻ a hagu, MnO₂ a dama. Oksijin huɗu da biyu, ta ƙara ruwa biyu a dama. H⁺ huɗu a hagu. Caji: huɗu a cire ɗaya, uku, dama kuwa ba komai. Ilektiron uku ke nan, ba biyar ba. Ta naɗe yatsu uku a tafin hannu. Shunayya na neman uku, salfayit na ba da biyu, sai a haɗu a shida: shunayya biyu, salfayit uku. Ta zuba OH⁻, ta soke ruwa, ta ƙirga caji, ragi takwas hagu, ragi takwas dama. Ba mai fita da komai a aljihu. Tana ɗaga kai aka ce saura minti shida. Tambaya ta biyar layi huɗu kawai ta samu ta rubuta mata aka karɓe takarda.

A waje ta ɗauki gwangwaninta a taga. Matasa sun yi cincirindo ƙarƙashin bishiya ana ta baje amsa, ko'ina biyar kake ji. Wani mai tabarau ya tambaye ta cikin girmamawa nawa ta samu. Ta ce uku.

"Ayya, Mama. Famanganet ai biyar ne, kowa ya sani."

Har da masu girgiza kai don tausayi. Ta hau mota. Ta soke daidai ta rubuta kuskure, ta kuma ƙona tambaya ta biyar a kansa, haka ta yi ta faɗa wa kanta har gida. Baban Auta ya ga fuskarta, bai ce Farfesa ba, ya turo faranti kawai. Ko Malama ba ta kira ba, don ba ta son ta ji a bakinta.

Litinin tun kafin a buga ƙararrawa ta buɗe ɗakin. Ta auna salfayit ta narka, ta ɗiga soda, ba ta taɓa kwalbar asid ba. Ta ɗigo shunayya. Ruwan ya ɗan yi kore-kore, sannan ya dame, ya yi ruwan ƙasa, gari ya fara kwanciya a gindin kwalba. Tana tsaye tana kallonsa Malama ta shigo, ta hango kwalbar daga ƙofa, ta riƙe ƙugu ta kwaikwayi murya.

"Wa ya manta asid?"

"Ni ce, 'yar nan. Da gangan."

Ta ɗauki alli ta rubuta mata tambayar da amsar da ta bayar, tun daga farko har ƙarshe, ba gwangwani. Malama ta bi layi-layi da yatsa. Da ta kai ƙasa sai ta juyo, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, uku ne. Kuma ban koya miki wannan ba. Laifina ne, na manta ban gaya miki tana canzawa ba. A ina kika samo?"

Inna ta ɗaga mata hannun dama kawai.

Amma tambaya ɗaya ba ita ce jarrabawa ba, kuma ta biyar tana nan da layinta huɗu. Mako shida aka yi ana jira. A cikinsu Inna ta sake rubuta sunan kowace kwalba da sabon tawada, ta rubuta katin haɗa kowane ruwa dalla-dalla, har da dalilin sau biyar ɗin nan, don in wani ne zai gaje ta kada ya yi shekara ashirin da bakwai bai sani ba.

Ranar da shugaba ya aika, ta kwance igiyar tun a baranda. Tana shiga ya ce ta zauna. Ta ce a'a, ranka ya daɗe, a tsaye ma ya isa, ta ajiye makullin a kan teburinsa. Ya dubi makullin, ya dube ta.

"Wannan na mene ne? Hamsin ake nema, kin sami hamsin da uku. Ɗauke abinki, Inna, 'yan aji shida na jiran ki, kuma an ce min bututu ɗaya ya ɓata tun jiya."

Sai a lokacin ta zauna.

Da la'asar ta tarar da Baban Auta a ƙofar gida, labari ya riga ta isowa, ya tara maƙwabta yana ba su bayani kamar shi ya zauna jarrabawar. Da suka shiga ciki ya ɗauko faranti, lemun tsami a rabe kamar kullum.

"Farfesa, ga sabulunki."

Ba ta ce ya fita idonta ba. Ta baza yatsun a kan gwiwa ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tura farantin gefe a hankali.

"Bar shi yau, Baban Auta. Gobe akwai taron mata, haka zan je da su."